Yaya Isufu da Gadar da Ya Nema

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Isufu. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo ni Dubai daga Damagaram. Awon ƙasa ya karanta a Yamai, amma abin da ya samu a nan shi ne tsaron sito a wani shagon kayan mota a Ras Al Khor. Nan ya samar mini aiki, muna kwana a Hor Al Anz.

Bas tana sauke mu a wancan gefen babban titi, sito kuma yana wannan gefen. Ko dai mutum ya yi dogon zagaye cikin rana, babu inuwar ko falwaya, ko ya tsallaka a guje, in ya tsira da ransa ya gamu da tara.

Da aka ce za a faɗaɗa titin, wani kamfani ya zo binciken abin da aikin zai yi wa muhalli. Muka ce wannan maganar masu ƙasa ce. Yaya ya ce a'a, mutumin da ke tafiya a ƙasa yana shaƙar hayaƙi shi ma cikin muhallin yake. Ya binciko inda ake aika ra'ayi. Sati uku yana tsayawa bakin titi da sassafe, yana zana inda mutane ke tsallakawa da inda suke raɓewa saboda zafi. Ya haɗa takardun cikin dosiye guda, aka juya masa zuwa Larabci da Turanci. Gadar ƙafa ya nema kusa da tashar bas, da gefen titi mai rumfa.

Ranar da yake neman sa hannun ma'aikata, ya miƙo mini biro.

"Yaya, bizata a hannun maigida take. Ka bar ni."

"Sani, ba rigima ba ce. Su da kansu suka ce a faɗi ra'ayi."

"Khalas, magana ta ƙare, na ce ka bar ni."

Ya mayar da bironsa aljihu. Har ya bar duniya bai sake tayar mini da zancen ba. 'Yan Gana masu shara sun sa hannu, 'yan Bangaladash sun sa, ƙanensa bai sa ba.

Da rahoton kamfanin ya fito, tsuntsayen fadamar da ke kusa sun sami shafuka masu yawa. Ba na jin haushin tsuntsu. Mu dai layi biyu muka samu, wai za a duba nan gaba. Bazarar da ta biyo baya, Yaya ya faɗi a kan hanyar zagayen. Likita ya ce zuciya ce. Bai ambaci titi ba, ni ma ban ambata ba.

Bara an gina gada, kyakkyawa, har da rumfa. Tana can ƙarshen titin, inda aka yi sababbin benaye. Wurin da Yaya ya zana yana nan yadda ya bar shi, sai ƙarin layin motoci. Da zai gani, na san ba zai zagi kowa ba. Zai tambaya ne ko an sake aika takarda, ya dube ni.

Yawancin waɗanda suka sa hannu bizarsu ta ƙare, sun koma gida. Mai tafiya a ƙasa a garin nan ba ya daɗewa har ya ga amsar wasiƙarsa. Abin da ya rage na Yaya kaɗan ne, amma akwai. Ramatu, ɗaya daga masu sharar nan, ta koma aiki Jebel Ali da kwafin dosiyensa. Ta koya wa abokan aikinta cewa idan an zo binciken muhalli, a zana hanyar ƙafa, a rubuta, a aika kafin wa'adi ya cika. Ita da ba danginsa ba, ita ta riƙe aikinsa, ni kuwa jakarsa kawai na gada.

Duk sallah matarsa takan kira ni daga Damagaram. Bana ta ce, "Sani, abin nan da wan naka ya yi ta wahala a kansa, an yi?"

Na ce mata an gina gada. Ta yi hamdala, ta yi kuka. Ban faɗa mata inda aka gina ta ba.