Anti Kaset da Muryar Mai Jita

Anti Kaset ake ce mata a layinsu, har jikokinta ma haka suke kiranta. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo, ɗakin da ko taga babu. Da aka koma aiki da kwamfuta, aka jibge tsofaffin injina a bayan ofis za a sayar wa 'yan gwangwan, ta roƙi biyu aka bar mata. Da su ta yi ritaya.

Ta kafa su a ɗakin da 'ya'yanta suka bari bayan sun yi aure. Sauran kayan aikin ba su cika tire ɗaya ba: reza, auduga, sifirit, salatif siriri na haɗa zare, da fensirin naɗe kaset. Mutane kan kawo mata kaset a leda, wani ya yi fumfuna, wani zarensa ya tsinke, wani rediyo ya tauna shi. Sai ta kwance, ta goge, ta haɗa, ta juye a kwamfuta, ta rage shuuu ɗin da ke bin waƙar. Ba ta cika matsawa ba. Ta ce in aka matsa, mawaƙi sai ya koma kamar daga cikin bokiti yake rerawa. Mijinta, tsohon direba, yakan ce kaset ya fi shi gata a gidan.

"Ai shi in na gyara, a gyare yake zama," take ba shi amsa.

Wata Talata wata malamar asibiti ta zo tare da yayanta mai walda. Kaset ɗaya suka kawo a gyara musu. Mahaifinsu makaɗin jita ne, ya rasu suna ƙanana, waƙoƙi huɗu kawai ya bari, waɗanda ya ɗauka da kansa a falo. Sun ji su har sun haddace.

Bayan sun tafi ta saka. Muryar siririya ce, jitar kuma sai gudu take kamar ana korarta. Hankalinta bai kwanta ba. Can ƙasa-ƙasa ta jiyo agogon bango yana bugawa a bayan waƙar. Ta ɗora agogon hannunta a tebur ta ƙirga: bugu sittin da takwas a minti ɗaya. Nan ta gane batir ne ya yi sanyi ranar da aka ɗauka, zaren ya riƙa jan ƙafa, shi ya sa yanzu komai ke sauri. Ta dinga rage gudun har agogon ya dawo sittin daidai. Sai ga murya mai kauri, a natse.

Ranar karɓa, ko baiti ɗaya ba a gama ba mai walda ya miƙe.

"Anti, wannan ba Babanmu ba ne. Kaset ɗin wani kika haɗa mana."

Ta yi masa bayanin batir da agogo. Ya ce shi bai san agogo ba, muryar ubansa ya sani. Abin ya sosa mata rai, amma ba ta ja ba. Ta tambaya ko akwai babban da ya san marigayin.

Washegari ƙanwar ta kawo mahaifiyarsu, mai walda yana biye da su. Tsohuwar ta zauna a bakin gado, ta saurari waƙar farko har ƙarshe, hannunta a kan gwiwa.

"Shi ne," ta ce. "Ni duk shekarun nan na ɗauka haka rediyo yake mayar da muryar mutum, shi ya sa ban taɓa magana ba. Anti, saka min ta biyun."

Mai walda ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Da za su tafi ya ce, cikin jin nauyi, ko za a juye masa tsohuwar muryar ma, mai saurin, don da ita ya girma. Anti Kaset ta juye masa duka biyun, ta rubuta a jikin kowanne. Ƙanwar ta faɗa mata daga baya cewa a shagonsa mai saurin yake sakawa, in ya je gaida mahaifiyarsu kuma su ji ɗayar tare.

Tun daga nan, duk wanda ya kawo kaset ɗin mamaci, kafin ta taɓa gudun sai ta ce a zo mata da wanda ya taɓa jin mutumin yana magana.