Kumandan, Karen Yaya Illo

Duk wanda ya zauna unguwar Kalley a shekarun da muka karɓi mulkin kai ya san maganar marigayi Yaya Illo, ɗan baffana: "Abin Illo ba ya lalacewa." Kekensa ba shi da birki, amma in ka yi magana sai ya ce, "Mushe, keken nan gaggawa gare shi." Mushe yake kirana, wato malam da harshen Nasara. Ni da ƴan mishan suka koya wa kiran kowane abu da sunansa, na sha baƙin ciki a hannunsa.

Yana da kare, wanda ya raɗa wa suna Kumandan ranar da kumandan na Nasara mai mulkinmu ya bar gari, don kawai ya riƙa daka masa tsawa: "Kumandan, kwanta!"

Wata rana muna zaune da baƙi daga Damagaram, sai ga Kumandan ya dasa gindi a ƙasa, ya ɗaga ƙafafun baya, ya ja jiki daga bakin zaure har kan tabarma. Subhanallahi!

"Gaisuwa yake yi," in ji Yaya Illo. "Karen gidan mutunci ne."

Na ce, "Yaya, sau ɗaya ko biyu ƙaiƙayi ne. Amma kullum yana yi, yana lasar wurin, ga wari. Ko tsutsar ciki ce, ko wani abu ya toshe. A kai shi wurin likitan dabbobi."

"In nuna wa yaron da aka haifa jiya gindin karena? Mushe, boko ya cinye maka kunya!"

Ya ɗura masa ruwan ganyen bedi, wato darbejiya. Kumandan ya amayar da shi a cikin takalminsa.

Sai da kare ya daina cin abinci, gefen wutsiya ya kumbura har da jini, sannan Yaya ya ɗora shi a baro, ya lulluɓe da buhu. A bakin Babbar Kasuwa wata mai goro ta tambaya, "Baba, me ka sayo?"

"Albasa."

Albasa ta yi haushi.

Likita ya ce ƴan jakunkuna biyu ne a bakin duburar kare suka toshe, ɗaya ta yi ƙurji; da an ƙara jinkiri, da abin ya yi muni. Ya ce Yaya ya matsa gefe. Ya ƙi. Da aka matse, abin ya fesu a farar rigarsa ta salla. Kai, warin nan!

Yaya ya dubi rigar, ya dube ni. "Ka ji da kunnenka, Mushe. Cika ya yi, bai lalace ba."

Kumandan ya warke, ya yi shekaru. Shi ne ya kwanta a bakin zaure ranar da muka fita da gawar Yaya, ba wanda ya ce masa kwanta.

Allah ya jiƙan Yaya Illo, ya yafe masa taurin kai, ya dubi tausayin da ya lulluɓe da buhu. Amin.