Kada Ka Ba Ni Dariya

Shekarun baya, lokacin da Lusail ta ƙasar Qatar ba ta wuce rairayi da ƙarafan gini ba, akwai wata magana da nake yawan bugun ƙirji da ita: ba a haifi wanda zai rufe min baki ba. Kuma ina da shaidu. Na taɓa sa soja ya jingine bindigarsa a shingen hanyar Kaduna saboda dariya ta hana shi tsayuwa. Surukina, mutumin da ba a ganin haƙoransa sai a gaban tsire, ni na sa shi ƙyalƙyalewa har hularsa ta faɗi a cikin miya. Da na zo Doha kuwa, a ɗakinmu na kusa da Asian Town, har 'yan Nepal da ba su san ko "sannu" ba riƙe ciki suke yi idan na fara. To ku gyara zama ku ji inda bakin ya rufu.

A lokacin ina tuƙa motar wani kamfanin gine-gine. Wata safiya aka ce wani injiniya ɗan Italiya yana neman direba mai jin Hausa. Na ɗauka tsokana ce. Ina shiga ofishinsa sai farin mutum ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, yaya gajiya?" da Hausar Jos tsaf. Saura kaɗan in nemi kujera in zauna a ƙasanta.

Ashe mahaifinsa ya yi shekaru yana aikin hanya a Arewa, shi kuma a Jos ya tashi. Yanzu tsohon ya haura tamanin, matarsa ta rasu, ciwon mantuwa ya kama shi, shi ne ɗan ya ɗauko shi ya kawo shi gidansa a wani dogon bene na West Bay. Ciwon ya cinye masa Turanci kaf. Abin da ya rage a kansa yaren garinsu ne, sai kuma, ikon Allah, Hausar da ya koya a wurin lebura. Aikina shi ne in wuni da shi, in tura shi a keke ya sha iska a bakin teku, in yi masa hira. Kamfani ya ba da ni aro, motata kuma aka miƙa wa wani.

Jama'a, a biya ni in yi surutu! Na ce lallai addu'ar mahaifiyata ta ci.

Kwanakin farko lafiya lau. Baba, haka nake kiransa, yakan dube ni ya ce, "Kai, direba, ina kilishi?" Akwai wata nas 'yar Filato da ke zuwa kullum ta auna jininsa ta ba shi magani. Ni ina ce mata Sista, ita kuma tun rana ta biyu ta raɗa min Malam Rediyo.

Ranar da na ba shi labarin akuyar da ta shiga motar ɗaukar amarya, Baba ya yi dariya har da hawaye. Ina cikin jin daɗin nasara sai dariyar ta tsaya cak, kamar an ɗauke wuta. Ya toshe bakinsa da hannu, ya dubi ƙofa. Sai ya damƙe wuyan hannuna ya nuna banɗaki. Na tura shi muka shiga. Ya sa na kunna famfo, ruwa yana zuba shaa, sannan ya jawo kunnena.

"Shiru," in ji shi. "Mai gadi yana ji."

Mai gadin benen wani ɗan Uganda ne mai sanyin hali, abokin wasana. Kullum idan za mu fita nakan kwaikwayi tafiyar oga injiniya a gabansa, ya yi ta dariya. Sai na lura duk lokacin da muka zo wucewa Baba yakan sandare a kan keken, ya miƙe hannun dama sama ɗoɗar. Na zaci gaisuwar garinsu ce. Ni ma sai na riƙa ɗaga nawa, har da buga ƙafa.

Kafin wani lokaci Baba ya fara ƙin abinci. Sista ta tare ni a kicin.

"Malam Rediyo, ka rage murya. Duk ranar da ka ba shi dariya jininsa hawa yake yi."

"Haba Sista, tun da nake ban taɓa jin wanda dariya ta kwantar a asibiti ba."

"To a kanka za a fara," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Oga ne ya zaunar da ni ya warware min. Ya ce lokacin da Baba yake yaro, mutum ɗaya ne ke mulkin ƙasarsu, kuma mulkin bai tsaya a fada ba, har cikin tukunya ya shiga. An ce musafaha ba ta dace ba, sai dai ɗaga hannu. Ranar Asabar ba taka ba ce, ta fareti ce, har yara ana sa musu kaki. Mata sun miƙa zoben aurensu na zinariya an ba su na ƙarfe. Wanda ba shi da katin jam'iyya, aiki ya yi masa wuya. Masu gadin gidaje kuwa da yawansu kunnuwan hukuma ne. Kakansa, wato mahaifin Baba, kwandasta ne, mutum mai barkwanci. Yakan kwaikwayi shugaban a gida idan ana cin abinci. Magana ta fita. Da rana tsaka wasu masu baƙaƙen riguna suka zo, suka fito da shi tsakar gida, suka ɗura masa man gelo mai sa gudawa a gaban maƙwabta da 'ya'yansa, suka tsare shi a tsaye har cikinsa ya ɓare a wando. Aka kore shi daga aiki. Har ya mutu ba a sake jin dariyarsa ba.

"A gidanmu kowa ya san mai gadi ne ya kai ƙara," in ji oga. "Ina jin kana tuna masa da babansa. Kada ka ji haushi, amma idan ganinka ne ke hana shi cin abinci, dole in mayar da kai kamfani."

Na san abin da hakan ke nufi. Babu mota tana jirana a kamfani, kuma wanda ba shi da gurbi tikitin gida ake yanka masa. Ga yara a makaranta, ga ginin da na fara a gida ko rufi bai samu ba.

Kafin in tashi ya nuna min wani tsohon bidiyon shugaban a wayarsa. Kai! Wani ƙato mai sanƙo, ya riƙe ƙugu, ya turo haɓa gaba kamar zai tunkuyi jama'a, yana zare ido. Na ce a raina, wannan ne? Ai wannan Allah ya halicce shi ne don irina su samu abin yi. Nan take dabara ta zo min, irin dabarar da ba ta zuwa sai ga wanda ya yarda da bakinsa fiye da kima. Na ce zan nuna wa Baba cewa dodon nan abin dariya ne, tsoron ya fita gaba ɗaya, in ceci tsoho in ceci aikina.

Washegari da hantsi, Sista tana shirya magani, na kifa robar wanke-wanke a kaina, na hau ƙaramar kujera, na riƙe ƙugu, na turo haɓa, na shiga zuba wani yare da ni kaina ban san shi ba. Ba yabon kai ba, ko uwar mutumin da ta gan ni sai ta yi min sannu da zuwa.

Baba ya yi dariya. Abin da ya fi ci min rai ke nan har yau: ya yi dariya, irin ta ƙaramin yaro, yana tafa hannu. Sai kuma fuskarsa ta rikiɗe. Mutumin da sai an kama shi yake tashi, ya miƙe tsaye da kansa, ya haɗe ƙafafu, ya ɗaga hannu sama, bakinsa yana maimaita wasu kalmomi. Na ga wandonsa yana jiƙewa, fitsari yana gangarowa kan tayil.

Na sauko daga kujerar da robar a kaina. Sista ta wuce ni ta je ta tallafe Baba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Muka kai shi banɗaki mu canza masa kaya. Ya nuna famfo, na kunna. Ya kama gaban rigata da hannu biyu.

"Direba, kada ka ba ni dariya," ya ce. "In na yi dariya, zan faɗa."

"Ka faɗa wa wa, Baba?"

"Malam. Malamin makaranta." Yana magana yana kallon ruwan. "Ya ce, yara, wa yake da baba mai ban dariya? Ni na ɗaga hannu. Ya ce zo gaba ka nuna mana yadda yake yi. Na nuna. Duk aji suka yi dariya. Malam ma ya yi. Ya ba ni alewa."

Ruwa yana ta zuba. Ni da Sista muka dubi juna.

"Ba mai gadi ba ne," in ji Baba.

Ashe duk tsawon lokacin nan ba tsorona yake ji ba. Tsoron kansa yake ji. A kansa har yanzu shi yaro ne, ni kuma wani mai barkwanci ne da yake ƙauna, kuma ya san abin da ke samun masu barkwancin da yake ƙauna.

Da muka kwantar da shi na tambayi Sista ko in gaya wa oga. Ta ce, "Ka gaya masa ya yi me da ita? Tsohon nan ya ɗauki kayansa shekara da shekaru bai sauke wa ɗansa ba. Kai ne za ka sauke?" Ban gaya masa ba.

Daga ranar na kulle bakina. In shigo in ce, "Baba, ina kwana?" Ya ce, "Lafiya." In ce yau akwai zafi. Ya ce akwai. In tura shi bakin teku mu zauna muna kallon jiragen ruwa kamar masu zaman makoki. Idan mun zo wuce mai gadi sai in gyaɗa kai kawai, har bawan Allah ya tare ni ya tambaye ni ko wani laifi ya yi min. Wani lokaci labari yakan taso min har maƙogwaro, mai daɗi, irin wanda zai kayar da mutum daga kujera, in haɗiye shi kamar ƙwayar magani. Wallahi na rame. Abokan ɗakina suka fara tambaya ko an yi min rasuwa a gida.

Baba kuwa ya koma cin abinci. Jininsa ya sauka. Oga ya dafa kafaɗata ya ce ban san irin taimakon da na yi musu ba. Na ci gaba da aikina har lokacin da aikin oga ya ƙare ya koma da mahaifinsa gida, ni kuma aka samo min wata motar. Daga baya ya aiko min cewa Baba ya rasu cikin barcinsa.

Har yau idan na tuna, ba masu baƙaƙen rigunan ne ke tsaya min a rai ba. 'Yan daba ai ko'ina akwai su, mun san irinsu. Malamin nan ne, da murmushinsa da alewarsa. A ce hukuma ta rasa inda za ta kafa kunne sai a bakin yaron da yake alfahari da ubansa. Uban ya sha man gelo rana ɗaya. Ɗan ya sha nasa har tsufa, ya je Jos da shi, ya zo Doha da shi, ciwon mantuwa ya share masa sunan matarsa amma bai iya share wannan ba. Kuma tun daga lokacin na fara lura da wani abu a ɗakinmu: idan hira ta zo kan shugaban masaukinmu, ko kan wanda iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu, take hannunsa, sai murya ta yi ƙasa, wani ya miƙa hannu ya ƙara sautin talabijin. Na duba tarin labaraina, na ga duk a kan akuya ne, da surukina, da sojan da ke can nesa a hanyar Kaduna. Ban ji daɗin wannan binciken ba.

Amma hali ba ya barin mutum. Bayan an kwana biyu na haɗu da Sista a wani kanti a Asian Town tana sayen shinkafa. Muka gaisa, muka yi wa Baba addu'a, kowa da irin tasa. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Sista, ki sani fa, shirun da na yi a gidan nan tausayi ne kawai. Ni har gobe ba a haifi wanda zai rufe min baki ba."

Ta ɗora buhun a kan kanta, ta dube ni sama da ƙasa.

"An haife shi, Malam Rediyo. Mai sanƙon nan da ka kwaikwaya, har ya mutu tun babanka yana yawo ba wando, kuma daga cikin kabari ya kashe ka a soket."