Baƙin Ƙarfen da na Ɓanɓare daga Titin Jirgin Rahinatu

Wata Asabar ce cikin sanyin shekarar 2014, a gidanmu na hawa na biyar a unguwar Mount Hope, can ƙasar Turawa. Ina ɗinke bakin zane a ɗakin jikata Rahinatu, hita mai ɗumama ɗaki tana ta ƙwanƙwasa kamar maƙeri, sai allura ta suɓuce mini. Na durƙusa nema. Na jawo faffaɗan katakon da take turawa ƙarƙashin gado, wanda ta shimfiɗa wa titin jirgin ƙasa na wasa, da tasha, da 'yan bishiyoyin soso. Ga allurata kwance tsakanin ƙarafan titin. Na ɗauka, ta ƙi tasowa sai da na ja. Da na tone tsakuwar da aka manna a wurin, sai ga wani baƙin ƙarfe, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, an binne shi da gangan.

Ban yi boko ba, amma na san maganaɗisu, muna manna takardar lokutan salla da shi a jikin firij. Binnewar ce ta tayar mini da hankali. A zangon Kumasi inda na tashi, idan aka tsinci abu binne a makwancin yaro ba a tsayawa tambaya, tonewa ake yi. Ga shi kuma jirgin kyauta ne daga wani tsohon Bature na hawan ƙasa, mutumin da ban san asalinsa ba. Na sa wuƙa na ɓanɓare shi, na naɗe a takarda, na yi addu'a, na jefa a ramin shara. Na mayar da tsakuwar yadda take.

Rahinatu tana da shekara goma a lokacin. Uwarta tana aikin jinyar tsofaffi, ubanta Awudu yana tuƙa tasi, saboda haka ni ce idon gidan, kuma ido ne mai zafi. Ta dawo makaranta ta yi wanke-wanke, ta ninke kaya, ta yi tilawa, sannan in ba ta rabin awa da jirginta. Sau nawa ta ja mini hannu, da Hausarta mai ɗingishi, "Kaka, zo ki gani, ba hannu!" Ni kuwa amsata ɗaya ce, wadda gwaggota ta ba ni ranar da ta kama ni ina jan motar gwangwanin kifi tare da yara maza: "Mace da wasan ƙarfe, wa zai ci tuwonta?" Da na je sau ɗaya, da na sani. Daga baya Awudu ya yi mini bayani. Kowane tarago yana da ƙugiya, da wata 'yar waya lanƙwasasshiya a ƙasanta. Idan aka tsayar da mahaɗar ƙugiyoyin daidai kan maganaɗisun, aka ɗan ja da baya ta sassauta, sai wayoyin su buɗe gefe da gefe, jirgi ya wuce ya bar taragon. Wata biyu yarinyar ta yi tana koyon tsayawa daidai wurin nan, domin ran Litinin za ta nuna a makaranta, gaban 'yan ajinsu da iyayensu.

Awudu ne ya kai ta da katakon a tasi. Ya ce ta yi jawabinta tsaf, ta tsayar da jirgi, ta ja baya, ta yi gaba, tarago ya biyo. Ta sake har sau huɗu. Yara suka fara dariya. A ƙarshe ta sa yatsa ta cire, ta koma ta zauna.

Da suka dawo ba ta yi kuka ba. Ta tone tsakuwar, ta ga ramin da shatin wuƙa, ta zo ta tsaya a ƙofar kicin. "Kaka, kin taɓa?" Na san gaskiya, ita ma ta sani. Na ce, "Ni sa'arki ce da za ki tsare ni da tambaya? Wuce ki yi alwala." Ta wuce. Da Baturen ya ji labari, ya aiko da wani maganaɗisun washegari, ta ce ta gode, ba ta manna ba. Katakon ya koma bayan kabad, har muka tashi daga gidan.

Yanzu ta girma, tana karatu can unguwar St. George, tana tsallako ruwa a jirgin fito ta gaishe ni. Tana durƙusawa, Hausarta ta miƙe, ladabin da na nema duk na samu. Sai dai tun ranar nan ba ta sake jan hannuna ta ce in zo in gani ba. A da ina jin haushin ƙarar jirgin nan yana zagaye yayin da nake lazimi. Yau ɗakina shiru, ba mai katse ni. Tambaya ɗaya ce ta isa ranar Asabar ɗin, ban yi ba.