Baba Yakuba, mai tonon saiwar wake

Da an sallame sallar asuba a Dogarawa za ka ji tarin tsohon babur ɗin Baba Yakuba. A bayansa akwai ƴar hauya, da bokiti, da buta. Shekara ashirin da shida ke nan yana kula da gonar gwaji ta wani shirin bincike, kuma aikinsa shi ne tono saiwar wake. Ba ya tuge ta. Yakan durƙusa ya kewaye ta da hauya, ya wanke ta a hankali, sannan ya duba ƴan ƙurajen da ke manne da ita. A cikinsu wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, suna jawo taki daga iska suna ba ƙasa. Shi ke zuba su a kwalba ya aika wa masana.

Ni kuwa a buron shirin nake, wato ofishinsa, a Birnin Konni. Aikina shi ne in auna yadda duniya ke maganar bincikenmu a intanet: wa ya ambata, wa ya tura wa wani. Bara masana suka fitar da takarda a kan ƙwayoyin da Baba ya tono. Na bi ta wata shida cur, na samu ambato tara. Tara! Biyu ma daga cikinsu marubutan ne da kansu. Na kai rahoton, shugabarmu Madam Badi'a ta duba ta ce gonar da ba wanda ya damu da ita rufewa za a yi. Wallahi na ji kunya, don da hannuna na rubuta.

Baba, kai ne ka zo buro da ƙasa a gwiwar wandonka, ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce, "Ɗiyata, aikinki kinka yi. Amma Madan ta taho ta gani in an yanke harawa."

Ta je, ni ma na raka ta. Baba bai kai ta gonar gwajin ba, gonakin mutane ya shiga da ita. A ƙasar nan an saba tuge wake har saiwa don harawa ta yi auki. Ranar kuwa duk gonar da muka taka, kututturan wake na nan a ƙasa, an yanke daga sama. Wani manomi, Malam Zaidu, ya ce mata, "Da mun ɗauka ƙurajen ga ciwo na, har ƙone su mukai. Yakuba ya tsaga guda da akaihwa, ya gwada muna jan da ke ciki, ya ce mai rai na, ku bar shi ƙasa. Hatsin da munka sa bayan waken ya hi na kowa."

Madam ta tambaye shi ko ya taɓa ganin takardar a intanet. Ya ce, "Wace takarda?"

Sai da rana ta take, takalmin Madam ya cika da ƙarangiya, ta ce ya isa haka. Gona ta sittin da uku muke ciki, Baba kuma yana nuna mata wasu a gaba. A mota ta ce mini in ci gaba da aikina, amma daga yau rahotona ya riƙa tafiya da na gonaki.

Masana, in kun rubuta takarda ku tuna da wanda ya durƙusa. Mu kuma na buro, mu riƙa fita muna taka ƙasa kafin mu yanke wa aikin wani hukunci.

Baba Yakuba, mai haƙurin tono, mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. An sa hannu gonar gwaji za ta ci gaba shekara biyar. Ka san da maganar ritayarka tun kafin ka zo buro, ba ka faɗa mana ba. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, kuma da damina ta faɗi wani ne zai shuka gonar da ka ceto.