Mai Kayan Ciki

Rigimar farko da Auta ta yi a kan sana'arta, kaye ta sha, kuma saboda 'yar roba. Ranar da ta buɗe shago a ɗakin gaban gidansu, ta tsayar da mutum-mutumi mai tsawon mace a bakin ƙofa, ba komai jikinta sai rigar mama da ɗan kamfai ja. Yayanta, wanda gidan ke hannunsa tun rasuwar mahaifinsu, ya taho babu tabarau. Ya yi sallama, ya kau da kai, ya ce, "Baiwar Allah, koma ciki ki kintsa." Baiwar Allah ko gezau. Sai da ya maimaita da tsawa, masu wucewa suka kwashe da dariya.

"Auta! Ki suturta abar nan, ko ki kulle shagon!"

"Yaya, roba ce fa. In na rufe ta, me zan tallata?"

"Ko ƙarfe ce. Ba a ƙofar ubana ba."

Haka ta ɗauko doguwar rigarta ta fita unguwa, tana ƙunƙuni, ta zura wa 'yar robar, ta yafa mata mayafi. Kafin rana ta take wata mata ta tsaya taya rigar. Auta ta sallama, ta sa wata, ita ma ta tafi. Ka ji yadda aka yi ta shiga sayar da dogayen riguna, da takalma, da jakunkuna. Yaya ne sila, amma har yau bai nemi godiya ba, ita ma ba ta yi masa tayi ba.

A kan allon shago ma sai da Yaya ya sa baki. Ya ce kada mai fenti ya kuskura ya ambaci sunan abu ko ɗaya. Mai fenti ya sosa ƙeya, ya rangaɗa "Kayan Ciki". Washegari ga wani dattijo da kwanonsa, wai a zuba masa hanta da tumbi. Auta ta ce, "Baba, hanta ta ƙare, sai dai shimi." Sunan ya bi ta ke nan.

Sana'ar nan kuwa ta masu haƙuri ce. Mace za ta shigo ta faɗi lambar da take sawa tun kafin haihuwar fari, ta rantse. Auta ba ta musu, sai ta ce, "Kamfanin nan ƙananan kaya yake yi, gwada wannan." Maza kuma su shigo suna kallon rufi, su auna iska da tafin hannu, su ce, "Kamar haka dai take." Ta kan ce, "Malam, sauke hannunka, turo matar."

A ƙuryar shagon akwai labule da madubi da kujera guda. Nan take sa tef ta yi awo, nan kuma ake faɗin abin da ba a faɗa wa miji. Wata da aka yi wa aiki a asibiti aka cire mata mama ɗaya ta daɗe ba ta fita. Auta ta ɗinka mata aljihu a rigar, ta cusa auduga, ta daidaita. Matar ta dubi madubi, ta yi kuka, sannan ta tambayi ko akwai mai ruwan hoda. Tun daga nan masu irin lalurar suke turo junansu, don ƙofar gida ce, ba idon kasuwa.

Shekaru suka tura. Auta ta buɗe manyan shaguna a kasuwa, da 'yan mata masu jiran shago, wayarta ba ta hutawa. Amma ɗakin labulen ba ta bar wa kowa ba.

Sai Yaya ya yi ritaya, aka ba shi shugabancin kwamitin unguwa, girma ya hau masa kai. Ya tara dangi a falo ana tsananin zafi, ya miƙe cikin riga mai faɗi, fanka na hura shi ta baya.

"Auta, Allah ya rufa miki asiri. Ki bar dogayen rigunan a nan, ki kwashe waɗancan tarkacen, ko ki ba ni makullin ɗakina."

"Masu zuwa bayan labule fa, Yaya? Ina za su?"

"Su san inda za su. Ni kunya ta ishe ni. Ko sunan abin ba na iya faɗa. Mutum mai mutunci me ya haɗa shi da irin waɗannan kaya?"

Matarsa, wadda duk abin da ke jikinta daga shagon ya fito, ta duƙufa gyaran ɗankwali. Sauran dangi suka zuba wa Auta ido. Ta dube shi daga hula har ƙafa, ta dubi rigar da iska ke ɗagawa, ta ce:

"To Yaya, in dai da gaske babu abin da ya haɗa ka da su, don girman Allah matsa daga gaban fankar nan."