Ranar da Na Kai Kakata Teku Babu Ruwa

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, lokacin da nake ganin duk unguwar Mahjar ta Jidda babu mai ƙwaƙwalwa irin tawa, na taɓa zubar da ruwan shanmu kaf saboda keke. Gara in faɗa da bakina, don in na bar wa yayata labarin sai ta mayar da ni ɗan fashi.

Abin ya faro ne daga kakata, mahaifiyar babana. Ta zo aikin hajji daga Damagaram tun ba a haife ni ba, ta zauna. Shekara fiye da ashirin tana Jidda tana sayar da gyaɗa da kunu a ƙofar gida, amma ko sau ɗaya ba ta tsoma ƙafa a teku ba. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka duk inda motar 'yan sanda ke yawan wucewa ba hanyarta ba ce. Da ta yanke shawarar komawa gida, aka gama mata takardun fita, saura kwana uku ta tashi, babana ya tambaye ta me za a saya mata. Ta ce ba ta son komai, a kai ta dai ta wuni a bakin ruwan nan da take jin ƙamshinsa in iska ta juyo.

Babana direba ne, yana da wata tsohuwar ƙaramar bas mai kujeru layi uku. Ya aro karafan, wato ɗan ɗaki mai taya da ake ja da mota, wajen kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, don kaka ta samu inuwa. Ɗakin nan in ka yi atishawa a ciki sai ƙofar ta buɗe. Ta gabansa, kusa da inda ake ɗaura shi a mota, akwai tankin ruwa, ni aka sa na cika shi da bokiti har kafaɗuna suka daina gaisawa da ni. Inda za mu can kudu da gari ne, tafiyar fiye da awa guda, babu shago, babu famfo.

Babana yana da ma'auninsa. In an gama lodi sai ya tsuguna ya zura yatsu huɗu tsakanin tayar baya da jikin mota. Sun shiga, a tafi. Ba su shiga ba, wani kaya zai sauka. Ranar Laraba da yamma ya auna, uku suka shiga da ƙyar. Ya dubi tabarmi, ya dubi tukwane, ya dubi kekena, sai kekena ya sauka.

Na kwana ina lissafi. Teku za mu, ruwan da ya fi garin girma. Wane mai hankali ne zai ɗauki ruwa ya kai wa teku? Da safe, da babana ya tafi sayo burodin tamis, na rarrafa ƙarƙashin karafan na kwance murfin tanki, na saka tiyo, ruwan ya bi kwata shiru kamar mun yi shawara. Da ya dawo na ce ya sake aunawa. Yatsu huɗu suka shige har da ragowar fili. Ya sosa ƙeya ya ce wataƙila motar ta huta ne. Keke ya hau.

A hanya kaka ta zauna a kujerar tsakiya, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, ta baza zane ya rufe komai. Na ce, "Matata, yau kuma tsawo kika ƙara?" Ta ce, "Maigida, kai dai ka ji da kekenka." Ban gane komai ba. Ina can ina jin daɗin yadda motar ke tafiya ba nishi.

Mun isa rana ba ta yi zafi ba tukuna. Kaka ta dafa kafaɗata muka shiga ruwa har gwiwa. Ta daɗe tana kallon inda ruwan ya haɗe da sama. Sai ta ɗebo a tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce duk wadda ta yi wannan miya a kore ta daga kicin. Ta yi dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Amma tana da faso a dugadugai, gishiri ya shiga, ta fara ɗage ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya. Mahaifiyata ta ɗauki buta ta nufi famfon karafan don a ɗauraye mata.

Famfon ya yi tari sau biyu, ya tofo ɗigo uku, ya yi shiru.

Babana ya ƙwanƙwasa tanki, ya amsa kamar ganga. Ya leƙa ƙasa ya ga murfin a ɗaure, babu alamar yoyo. Sannan ya juyo ya dubi keken. Ban jira tambaya ba, na zayyana komai, har da hujjata ta kai wa teku ruwa. Na so ya daka min tsawa, ko ya ciro bel. Bai yi ba. Ya dubi ƙannena biyu, ya dubi sama, ya ce a hankali, "Halas, shi ke nan. A naɗe tabarma, mu koma."

Ko rabin awa kaka ba ta yi a wurin ba. Shekara ashirin tana jira, ni kuma na sayar da wuninta da keke. Na kasa kallon inda take.

Sai na ji ta kira yayata ta ce ta ɗauko mata matashin ƙafarta. Yayata ta shiga mota ta fito tana nishi da galan biyu cike da ruwa. Ashe da safen kaka na bakin taga da carbinta, ta ga komai, ta sa yayata ta cika su a ɓoye. A kansu ta ɗora ƙafa tun daga Mahjar.

Babana ya ce mu bakwai ne, ga zafi na tafe, wannan ba zai kai mu la'asar ba. Kaka ta zauna daram a kan galan ɗaya ta ce, "Ina goye da kai na ciyar da gida da abin da bai kai wannan ba. Zauna, yaro." Babana mai furfura a gemu ya zauna.

Daga nan mulki ya koma hannunta, da ɗan kofin shayi a matsayin sanda. Alwala da ruwan teku. Kwanuka a goge da yashi. Gishirin jiki a share da tsumma mai laima, tsumma ɗaya ya zagaya kowa. Sha kuwa layi ake yi, kofi ɗaya, kuma sai ka riƙe a baki ka ƙirga goma kafin ka haɗiye. Keken kuwa na gwada shi sau ɗaya. Ya yi taku biyu a yashi ya nutse, na faɗi ta gefe kamar buhu, ƙannena suka nemi in maimaita.

Bayan azahar na lura kaka ba ta ɗauraye ƙafarta ba har lokacin, tana ta murza dugadugan a ɓoye. Da layi ya zo kaina na karɓi kofina, na tsuguna na zuba mata a hankali a kan fason. Ba ta hana ni ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta tona ni tun da safe ba. Ta ce da ta faɗa, da babana ya fusata an fasa tafiyar, ko a zo da ni fuska a kumbure.

"Kai kana son kekenka, ni ina son tekuna," in ji ta. "Na ga motar za ta iya ɗaukar mu duka."

Har yau in na ji wani yana cewa tsofaffi ba sa ganin abin da ake yi, dariya nake. Kuma har yau ba na iya barin famfo yana zuba. A gida suna tsokanata wai na zama mai gadin tanki, in na ji ɗigo daga ɗaki na uku sai na tashi. Ba tsoron babana ba ne. Ƙafafun nan nake tunawa, a naɗe a kan galan tafiyar awa guda, da bakin da bai ce komai ba.

Mun zauna har rana ta faɗa cikin ruwa, muka yi magariba a kan yashi. Mun dawo gida da kusan rabin buta, kaka ta zuba wa tukunyar na'ana'arta. Babana ya kulle keken wata guda. Ranar Asabar muka raka ta filin jirgi, ba ta sake dawowa Jidda ba.